Sitiyari a Dama: Kada Ka Karɓi Makullin

Duk wanda ya biya kuɗin mota aka kawo masa ita da sitiyari a hannun dama, shawarata gare shi ɗaya ce: kada ya karɓi makulli. Kada ya shiga ya ɗana, kada ya bar yara su hau su yi hoto, kada ya ce bari ta kwana a ƙofar gida gobe a yi magana. Ya bar ta a hannun wanda ya kawo ta. Na san wani zai ce, to mu ɗalibai da ko mashin sai mun yi aro, me ya haɗa mu da sayen mota? Ai kuwa ya haɗa mu. Ba mu ke saye ba, amma mu ake lodawa. Duk farkon zango da ƙarshensa mu ne cike da motocin haya tsakanin Tsafe, Gusau da Bungudu, jaka a kan cinya, mutum huɗu a kujerar mutum uku. Motar da wani ya karɓa don jin nauyin dillali, mu za mu zauna a cikinta.

A gidanmu abin ya faru bara. Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin firamare ne a yankin Bungudu. Da ya yi ritaya kuɗin sallamarsa suka fito bayan doguwar jira, sai ya haɗa da na wata gona da ya sayar, ya ba wani dillali ya kawo masa ƙaramar bas, sabuwar shigowa wadda ba a taɓa hawa a ƙasar nan ba, ya sa ta haya ya riƙa samun na cefane. Dillali ya turo hotuna ta waya: gaba, baya, tayoyi, inji, har da kujerun fasinja da ledarsu. Mazaunin direba ne kawai bai fito a hoto ko ɗaya ba. Ranar da aka sauke motar a Gusau, Kawu ya buɗe ƙofar hagu zai zauna, sai ya ga ba sitiyari a gabansa. Yana can ɗaya gefen.

Dillali ko a jikinsa. Ya ce, “Malam, wagga ba matsala ba ta. Kwana ukku a Kano an juya maka ita. Ai motoci da yawa da kaka gani bisa hanya haka sunka zo.” ’Yan uwa suka rabu biyu. Masu cewa a yi haƙuri sun fi yawa: an riga an biya, mota ga ta fes, kuma wa ya san ranar da kuɗi za su dawo? Kawu ya maida hannunsa aljihu ya ce shi ba wannan ya saya ba. Sai da aka yi wata huɗu ana kai gwauro ana kai mari, dattawa suka shiga tsakani, kafin kuɗinsa su dawo kashi uku, an kuma zare na dako. Kafin nan farashi ya ƙara sama, abin da ya dawo hannunsa ba ya sayen irin waccan motar. Ba zan ɓoye wannan ba: ƙin karɓa yana da tsada. Duk da haka ina tare da shi, kuma ga dalili.

Nijeriya ba a hannun dama ta fara tuƙi ba. Turawan Ingila sun bar mu muna bin hagu, direba yana zaune a dama, kamar yadda suke yi a ƙasarsu har gobe. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka juya ƙasar gaba ɗaya zuwa hannun dama. Lokacin babu jihar Zamfara, Gusau tana cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san iyaka: Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey, wato Benin ta yau, duk dama suke bi irin na Faransa. Direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Maraɗi sai ya canja hannu a bakin iyaka, ya sake canjawa in zai dawo. Saliyo ta riga mu da shekara ɗaya, Ghana ta biyo baya a 1974. Da kiɗa ya canja, rawa ma ta canja: motocin da aka ci gaba da shigowa da su, da Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sitiyarinsu a hagu yake. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan duk abin da ke kan titinmu, daga shatale-tale zuwa gefen da ake sauke fasinja, an tsara shi ne a kan direba yana zaune a hagu.

Mutane suna ɗauka wurin zaman direba al’ada ce kawai, kamar cin tuwo da dama. Ba haka ba ne. Magana ce ta ido. Direba yana zama ne a gefen da ya fi kusa da tsakiyar titi don ya ga abin da ke tahowa. Ku ɗauki hanyar Gusau zuwa Tsafe, ta Kwatarkwashi, inda tireloli da tankokin mai da suka fito daga Zariya da Funtuwa suke bin juna kamar jerin gwano. Kana bayan tirela kana son wuce ta. In kana zaune a hagu, ɗan karkatawa kaɗan za ka yi, abin da bai kai rabin mita ba, ka leƙa; in ka hango mota sai ka koma. In kana zaune a dama fa? Faɗin ƙaramar mota ya haura mita ɗaya da rabi. Sai ka fitar da kusan dukkan jikin motar zuwa hannun masu tahowa kafin idonka ya wuce bayan tirelar. Wato sai ka gama shiga haɗari sannan ka ga ko akwai haɗari. ’Yan lissafi su duba wannan: in kana gudun kilomita 100 a awa, mai tahowa shi ma yana 100, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 55 da ’yan kai a kowace daƙiƙa. Kafin ka gama cewa innalillahi an cinye rabin filin ƙwallo.

Direbobin irin waɗannan motoci sun san haka, shi ya sa suke mai da na gidan gaba idonsu. “Duba mani, da mota?” “Babu, tahi!” Wanda ake tambaya ɗin nan wataƙila ɗan aji ɗaya ne da bai taɓa riƙe sitiyari ba, bai san nisan da tirela take buƙata kafin ta tsaya ba, ko kuma barci yake ji. Kuma in lissafi ya ɓaci shi za a fara samu, don shi ne a gefen da karo zai zo. Mu kuwa har rububin gidan gaba muke yi. Ku ƙara da halin da hanyar take ciki a shekarun nan: kowa ya san daga Tsafe zuwa Yankara ba wanda yake son magariba ta riske shi a hanya, saboda haka direbobi gudu suke yi, suna wuce manyan motoci a inda da lafiya lau ne ba za su wuce ba. A hanyar da tsoro yake tuƙa mutane, sai kuma a ƙara da direban da ba ya gani.

Akwai kuma ƙofa, wadda ita ce ta fi shafarmu. Bas da aka ƙera don titin Japan, ƙofar fasinjanta mai zugewa a hagu take, don a can gefen titi yana hagu. A nan hagu shi ne tsakiyar titi. In ta tsaya a Bungudu a kan hanyar Sakkwato don ta sauke mutum, tsohuwa da ƙullin kayanta ko mai goyo za ta sauko ne kai tsaye a gaban motocin da ke wucewa. Ba sai an yi wani bincike ba kafin a gane abin da zai biyo baya.

Doka ma ba ta bar zancen a buɗe ba. Dokokin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2012, sun hana a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ko a tuƙa ta a titin jama’a, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kai. Saboda haka wanda ya karɓi irin wannan mota ya karɓi abin da ba zai iya hawa da kwanciyar hankali ba. Ko dai ya riƙa miƙa na goro a kowane shinge, ko ya kai ta a juya.

To, ga juyin. A nan ne nake son ’yan uwana na sashen injiniyan kanikanci su matso kusa, don sun fi ni sani. Dillali yana cewa “a juya” kamar waina ce a tanda. Sitiyarin da kake gani ƙarshen zance ne. Daga shi akwai sanda da ta ratsa bangon da ya raba inji da mazauni, ta sauka ga ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba, kuma shi wannan ƙarfen na dama daban, na hagu daban. Birki, kuloci da totur duk sai sun tashi sun koma ɗaya gefen. Tukunyar man birki da abin da ke ƙara mata ƙarfi a jikin bangon nan suke, daidai ƙafar direba, su ma sai sun yi hijira, a sake jan bututun man birki. A huda bango a inda kamfani bai huda ba, a toshe inda ya huda. A sauya dashbod gaba ɗaya, a ƙara wa wayoyin lantarki tsawo, a san yadda za a yi da na’urar sanyaya mota da ta tare wurin da sandar sitiyari za ta bi. Wanda zai yi wannan aiki tsakani da Allah sai ya samo kayan irin wannan motar ta hannun hagu, komai da komai, ya ɗaura kowane a mazauninsa. Ana iya yi, kuma akwai masu yi. Amma in ka haɗa kuɗin kayan da na aiki, arahar da ta ja ka tun farko ta gudu.

Shi ya sa mafi yawan abin da ake kira kwana uku aikin yanke-ka-liƙa ne. A yanke sanda a ƙara mata tsawo da walda. A lanƙwasa bututu da hannu. A haɗa wayoyi a naɗe da salatif. Jakar iskan nan da ke fashewa ta tare mutum in an yi karo, sau da yawa cire wayarta ake yi, a kashe ’yar fitilar da ke nuna ta lalace, don kada mai saye ya yi tambaya. Duk wanda ya yi darasin ƙarafa ya san cewa ƙarfen da wutar walda ta taɓa ba ya komawa yadda yake, gefen ɗinkin ne yake fara tsagewa, kuma ba ranar da aka yi yake tsagewa ba. Sai ya sha girgizar ramuka wata shida, shekara ɗaya, yana gajiya a ɓoye. Taya in za ta fashe wani lokaci takan ba da alama. Sandar sitiyari ba ta sallama. Kana murzawa sai ka ji abin hannunka yana juyawa shi kaɗai, mota kuma ta nufi inda ta ga dama.

Akwai ƙananan abubuwa da ko mai aikin kirki yakan manta. Fitilun gaba ba daidai suke haska hagu da dama ba. An ƙera su ne su ɗaga haske a gefen daji don direba ya ga mai tafiya a ƙasa da alamun hanya, su kwantar da shi a gefen masu tahowa. Fitilar motar Japan ko Ingila a hagu take ɗaga haske, wato cikin idon direban da ke fuskantarka. Kai kana gani tar, shi ka makantar da shi, kuma kanka zai faɗo. Waifa ma haka: an tsara ta ta fi share gefen direba, ta bar ɗan lungu a gefen fasinja. Bayan juyi, lungun da ba ya sharuwa yana gaban direba, a ruwan Agusta.

Waɗannan mantuwar su ne kuma suke tona asiri, saboda haka ku riƙe su. In ka zauna a mazaunin direba a hagu ka ga kawunan waifa a kwance suna nuno gefenka, galibi juyayya ce. In mabuɗin bonet yana can ƙarƙashin ƙafar fasinja, ko maɓallan da ke sarrafa duka gilasai suna ƙofar dama, ko sandar sigina tana dama da sitiyari har direba yana kunna waifa duk sanda zai yi kwana, to ka gane. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan agogon gudunta yakan tsaya a 180, lambar jikinta ba ta kai haruffa da lambobi 17 ɗin da aka saba gani a motocin Turai da Amurka ba, kuma tsohuwar rediyonta daga 76 zuwa 90 take kamawa, shi ya sa za ka ga mota tsaf amma ba ta kama yawancin tashoshinmu. Ɗaga kafet ɗin gaba ka duba bango: faci da tabon walda ba sa ƙarya.

Me ya sa ma suke zuwa? Da can motocinmu na hannu daga Beljiyam, Jamus da Amurka suke fitowa, su sauka Kwatano, su biyo ta Nijar zuwa Maraɗi su shigo ta Jibiya. Duk ƙasashen hannun dama ne, sitiyari a hagu, ba rigima. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan naira ta yi faɗuwar da kowa ya gani daga 2023. Mota ta fi ƙarfin talaka, sai ido ya koma inda ake samun sauƙi. A Japan dokar duba lafiyar mota tana da tsanani da tsada, bayan shekara uku da saye, daga nan kuma duk shekara biyu, har mutane da yawa sun gwammace su rabu da mota tun tana da sauran ƙarfi. Motocin suna da kyau, ba wanda ya musa. An dai ƙera su ne don Kenya da Tanzaniya da ire-irensu masu bin hagu su mora, ba mu ba.

Na ji masu cewa ai akwai ƙasashen da ake cakuɗawa kuma duniya ba ta tashi ba. Akwai. Myanmar ta koma hannun dama a 1970 amma ta ci gaba da cika titunanta da motocin Japan shekara da shekaru, fasinjojin bas suna sauka a tsakiyar titi, har daga baya gwamnatinsu ta hana shigo da su. Suwidin ta daɗe tana bin hagu alhali yawancin motocinta sitiyari a hagu, sai da ta juya titin gaba ɗaya a 1967. Samowa, wata ƙaramar ƙasa ta tsibirai, ita kuma a 2009 ta koma hagu da gangan don mutanenta su sayi motoci masu sauƙi daga Ostareliya da New Zealand. Kowaccensu a ƙarshe sai da ta daidaita titi da mota. Ba wadda ta zauna da cakuɗen don daɗinsa. Mu kuwa da maƙwabta huɗu masu bin dama, titinmu ba zai sake juyawa don bas ɗin kowa ba.

Ban ce bakanikenmu ba su iya ba. Wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ga hannayen da ke tayar da abin da Bature ya yar. Matsalar ita ce ba mai duba aikin bayan an gama, kuma mai sayarwa ba ya faɗa. Mota ta fito da sitiyari a hagu, ta sami lamba, ta shiga tasha, shi ke nan ta zama kamar kowace. Wanda ya san abin da aka yanke a cikinta mutum biyu ne, mai walda da dillali, kuma ba ɗayansu da zai hau ta zuwa Funtuwa.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan makulli shi ne, ƙarfin mai saye a wannan ’yar daƙiƙar yake. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar mayar da kayan da aka kawo masa in ba su dace da abin da aka siffanta masa ba. Tun kafin ita, a fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Amma malamai sun ce in ya ga aibin ya ci gaba da amfani da abin, kamar ya ci gaba da hawan dabbar da ya saya don buƙatarsa, an ɗauka ya yarda. Dillali bai karanta wannan ba amma ya san shi sarai. Shi ya sa yake cewa “ɗana ka ji injin, Alhaji.” Da ka zagaya gari da ita, ka kai ta gida an yi barka, ka biya rabin kuɗin juyi, to zancen ya tashi daga “ba ita na saya ba” ya koma “a taimaka a rage mani wani abu.” In kuma an riga an yanka ta, ba wanda zai karɓe ta.

’Yan sashen saye da adana kaya, wannan darasinku ne tsirara. Ciniki ta waya da hoto sayen kifi a ruwa ne. Layi ɗaya a takarda, da shaidu biyu, ya ishe: sitiyari a hagu tun daga masana’anta, ba juyayya ba, ga lambar jikin mota, kuma cikon kuɗi sai an gani an duba. Dillalin da ya ƙi sa hannu a kan wannan ya riga ya gaya maka irin motar da zai kawo.

Ga abin da nake nema daga ƙungiyarmu ta ɗalibai, kuma ina so a sa shi cikin ajandar zama na gaba. Duk motar da ƙungiya za ta saya, ko ta ɗauka haya don rangadi, wasanni ko kai ɗalibai gida, ko wani ɗan siyasa ya ba ta kyauta da hotonsa a jiki, a kai ta wurin koyon aikin kanikanci na makaranta tukuna, malami ɗaya da ’yan ajin ƙarshe su shiga ƙarƙashinta su duba sandar sitiyari, bututun birki, fitilu da gefen da ƙofa take, su rubuta abin da suka gani su sa hannu. Ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi, na Tsafe da na Bungudu da sauransu masu haɗa kuɗi su ɗauki bas in an yi hutu, su ma su biyo ta nan. Aikin bai wuce awa ɗaya ba, muna da ramin duba mota, muna da masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. In an ga ɗinkin walda a jikin sandar sitiyari, a mayar wa mai ita, ko da kyauta ce.